Yadda ake saita PRP a Linux: netwok ɗin da ko an zare kebul ɗaya fakiti ba ya ɓacewa

Netwok ɗin ofis in ya yanke na sakan biyu ba wanda zai kula, iyaka dai bidiyo ya ɗan tsaya ka ja tsaki ya ci gaba. Amma a tashar rarraba wutar lantarki ko a layin injina na masana'anta labarin daban ne. A tsarin IEC 61850 da tashoshin wuta na zamani ke bi, saƙon GOOSE da rilay, wato na'urar kariya, ke aika wa bireka cewa ta buɗe, an ba shi milisakan 3 kacal ya isa in aikin kariya ne mafi tsanani, kuma na'urar da ke auna wuta tana watso samfuri 80 a kowane zagaye, wato a wuta mai 50Hz irin tamu ta Najeriya da Nijar firem (ƙunshin saƙo) 4000 kenan duk sakan ɗaya. To kaga netwok ɗin da zai ce "bari in nemi wata hanya tukuna" ai ya riga ya makara.

Akwai dabarun da aka saba amfani da su in kebul ya yanke. Tsohon STP, wanda suwic ke bi su nemo wata hanya, yana ɗaukar sakan 30 zuwa 50 kafin ya farfaɗo, magajinsa RSTP ya fi shi sosai amma duk da haka akwai giɓi, MRP, tsarin zobe da masu netwok ɗin masana'anta na PROFINET ke so, yana alƙawarin milisakan 200 ko 500, bonding na Linux kuma da mutane ke saurin kawowa, wato haɗa fot biyu su zama ɗaya, in ka sa miimon=100 to duk bayan milisakan 100 yake leƙa kebul, kuma kebul ɗin da ke jikin katinsa kawai yake gani, in suwic na uku a can gaba ne ya mutu shi bai san ana yi ba. Duk waɗannan sai matsala ta faru sannan su gyara. PRP, wato Parallel Redundancy Protocol, shi ba ya jira. Dabararsa irin ta ɗan kasuwar da zai aika takarda mai muhimmanci daga Kano zuwa Kaduna ne ya yi kwafi biyu ya ba direbobi biyu da za su bi hanya daban-daban, wanda ya fara isa a karɓa, na biyun in ya zo a duba lamba a ga an riga an karɓa a yaga. In mota ɗaya ta lalace a hanya mai karɓa ma ba zai sani ba. Ka riƙe wannan na ƙarshen, shi ne daɗin abun kuma shi ne haɗarinsa.

PRP da ɗan uwansa HSR duk suna cikin ƙa'idar IEC 62439-3. Linux ya samu HSR tun kanel 3.13, PRP ya shigo a 5.9 a shekarar 2020, sannan NetworkManager, manhajar da ke kula da saitin netwok a Linux, ya fara gane su a siga 1.46 da ta fito a farkon 2024, wanda shi ne ya kawo sauƙi na gaske don kafin nan sai dai mutum ya rubuta sikirif ɗinsa da zai riƙa haɗa abun duk lokacin da aka kunna kwamfuta.

Mataki na 1: zaɓi tsakanin PRP da HSR tun kafin ka taɓa taminal

PRP yana son netwok biyu cikakku da ba su haɗu da juna ba ko ta ina, LAN A da LAN B, kowanne da suwic ɗinsa. Kwamfutarka tana da fot biyu, ɗaya a A ɗaya a B. Duk firem da za ta fita ana liƙa mata bayit 6 a wutsiya, a ciki akwai lambar jeri mai bit 16, da alamar wane LAN ne, da tsawon firem ɗin, da 0x88FB a ƙarshe. Tunda a wutsiya abun yake, suwic na yau da kullum ba ruwansa, wucewa kawai yake da shi, har kwamfuta mai fot ɗaya da ba ta san PRP ba za ta iya zama a LAN A ta yi magana da kowa.

HSR kuma zobe ne, ba suwic, kowace na'ura tana riƙe da hannun maƙwabtanta biyu, firem ya bi dama ya bi hagu. Ya fi arha a kebul da suwic, amma bayit 6 ɗinsa a gaban firem suke da EtherType, wato lambar nau'in firem, 0x892F, saboda haka na'urar da ba ta san HSR ba ba ta shiga zoben sai ta hanyar akwatin da ake kira RedBox. Ni dai ra'ayina, in kwamfuta ce ta gama-gari da katin netwok na kasuwa, ka tsaya a PRP. Dalili kuwa a zobe kwamfutarka ce za ta riƙa miƙa firem ɗin wasu gaba, kuma da softwaya take yi ba da hadwaya ba, ga jinkiri, ga shi duk sanda ka yi mata ribut ka yanke zoben a wurinka. HSR sai allunan da aka gina don haka, irin wasu na Texas Instruments, waɗanda in ka buga ethtool -k za ka ga hsr-fwd-offload da hsr-dup-offload ana iya kunna su.

Mataki na 2: duba kayan aikinka

uname -r
nmcli --version
sudo modprobe hsr
ethtool -i enp1s0

Kanel ya kai 5.9 ko sama, NetworkManager 1.46 ko sama, modprobe ya wuce shiru ba ƙorafi. In ya ce bai ga hsr ba to ba a kunna CONFIG_HSR a kanel ɗinka ba, ko kuma yana cikin wani kunshin ƙarin modul da ba ka saka ba. Sunan modul ɗin hsr ne ko da PRP za ka yi, kar wannan ya ruɗe ka. Batun kati kuma, dan Allah ka rabu da adaftan USB, na gwaji ne kawai. Intel i210 ko i225 da i226 su mutane suka fi amfani da su a wannan harkar saboda suna da agogo a cikinsu, za mu zo wurin.

Mataki na 3: gwada a laftof ɗinka ba tare da ka sayi komai ba

Wannan matakin mutane na tsallake shi alhali shi ke sa abun ya zauna a kai. Za mu ƙirƙiri kwamfutoci biyu na bogi a cikin laftof ɗaya, mu sa musu suna kano da zariya, mu ja kebul biyu na bogi a tsakaninsu. Ka zama root tukuna.

ip netns add kano
ip netns add zariya
ip link add ka netns kano type veth peer name za netns zariya
ip link add kb netns kano type veth peer name zb netns zariya

Yanzu fot biyun kowane ɓangare a ba su adireshin MAC iri ɗaya, haka PRP yake so, na'ura ɗaya suna ɗaya a duka LAN biyun.

ip -n kano link set ka address 02:00:00:00:00:01 up
ip -n kano link set kb address 02:00:00:00:00:01 up
ip -n zariya link set za address 02:00:00:00:00:02 up
ip -n zariya link set zb address 02:00:00:00:00:02 up

Sai a ɗora PRP a kai. Wannan proto 1 ɗin shi ne PRP, in ka sa 0 ko ka bar shi HSR za ka samu.

ip -n kano link add prp1 type hsr slave1 ka slave2 kb proto 1
ip -n zariya link add prp2 type hsr slave1 za slave2 zb proto 1
ip -n kano addr add 10.10.0.1/24 dev prp1
ip -n zariya addr add 10.10.0.2/24 dev prp2
ip -n kano link set prp1 up
ip -n zariya link set prp2 up

Buɗe taminal biyu. A ta farko ka saki ping da gudu, sau 100 a sakan:

ip netns exec kano ping -i 0.01 10.10.0.2

A ta biyu ka kashe hanya ɗaya, ka jira kaɗan, ka dawo da ita, ka kashe ɗayar:

ip -n kano link set ka down
ip -n kano link set ka up
ip -n kano link set kb down

Koma ta farkon ka danna Ctrl+C ka karanta layin ƙarshe. 0% packet loss, kuma in ka bi lambobin icmp_seq da ido ba inda aka yi tsalle. In kuwa ka ga DUP! na fitowa a gefen layuka to kwafi biyun duk suna shigowa ba a yaga ɗaya ba, ka koma ka duba MAC ɗin nan da proto. In ka gama ip netns del kano da zariya su share komai.

Mataki na 4: yi na gaske, kuma ka rubuta shi inda ba zai goge ba

Duk abun da ka yi da ip link yana gogewa in an yi ribut. A masana'anta kuwa wuta za ta ɗauke ƙarfe uku na dare, kwamfuta ta tashi da kanta ba kowa a wurin, dole ta tashi da netwok ɗinta cikakke. Shi ya sa za mu ba NetworkManager aikin. A misalin nan enp1s0 ne LAN A, enp2s0 LAN B.

Fara da goge firofayil ɗin da tsarin ya ƙirƙira da kansa wa fot biyun, waɗanda ake kira Wired connection 1 da makamantansu, in ba haka ba za su riƙa neman DHCP a kan fot ɗin suna yi maka kutse. nmcli con show zai nuna maka su, nmcli con delete ya cire. In ta SSH ka shigo ka tabbata ba ta ɗaya daga cikin fot biyun nan ka shigo ba, kar ka sare reshen da kake zaune a kai.

Ɗauko MAC na fot na farko:

cat /sys/class/net/enp1s0/address

Sai ka yi wa kowane fot firofayil da ba IP ko kaɗan:

nmcli con add type ethernet con-name lan-a ifname enp1s0 ipv4.method disabled ipv6.method disabled ethernet.mtu 1506
nmcli con add type ethernet con-name lan-b ifname enp2s0 ipv4.method disabled ipv6.method disabled ethernet.mtu 1506 ethernet.cloned-mac-address MAC-NA-FARKO

A wurin MAC-NA-FARKO ka sa wanda ka ɗauko. IP ɗin a kan prp0 kaɗai zai zauna:

nmcli con add type hsr con-name prp0 ifname prp0 hsr.port1 enp1s0 hsr.port2 enp2s0 hsr.prp yes ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.10.21/24 ipv6.method disabled
nmcli con up lan-a
nmcli con up lan-b
nmcli con up prp0

port1 shi ne A, port2 shi ne B, kar ka juya su. Akwai kuma hsr.multicast-spec, shi ne bayit na ƙarshe na adireshin da ake aika firem ɗin sa ido, 01:15:4E:00:01 da wani abu. A misalai da yawa na intanet za ka ga an sa 45, kai ka bar shi a 0 sai in injiniyan tashar ya ce wata lamba suke amfani da ita, don dole ya yi daidai da na rilay da sauran na'urorin da ke wurin.

Me ya kawo 1506 a MTU, wato iyakar girman kayan da firem ke ɗauka? Wancan bayit 6 ɗin wutsiya ne. In ka bar fot a 1500, kanel zai rage prp0 zuwa 1494, kuma irin matsalar da wannan ke haifarwa mai cin rai ce, ping na tafiya lafiya, SSH na shiga, amma babban fayil ko wani dogon saƙo daga na'urar da ita 1500 ta sani sai ya maƙale ba bayani. Ka tabbatar suwic ɗinka na karɓar firem da ya ɗan fi girma, yawancin na masana'anta suna karɓa, wasu sai ka kunna jumbo. Gwaji:

ip -d link show prp0
ping -M do -s 1472 192.168.10.22

In na biyun ya wuce to 1500 cikakke na bi ta duk hanyar. Yi gwajin sau biyu, sau ɗaya da kebul A kaɗai a jiki, sau ɗaya da B kaɗai, don in suwic ɗin B ne ke yar da manyan firem ba za ka taɓa gani ba muddin A na aiki.

Batun VLAN, wato raba netwok ɗaya gida-gida da alama, a taƙaice: GOOSE da samfuran awo galibi da alamar VLAN suke tafiya da fifiko na 4. Tsoffin kanel ba sa yarda a ɗora VLAN a kan na'urar hsr, sai daga 6.13 aka buɗe wannan, to in aikinka na buƙata ka san kanel ɗin da za ka nema.

Mataki na 5: cire wa katin dabarun da ke kawo jinkiri

Katin netwok na zamani an saita shi ne don ya ɗauki kaya da yawa ya kuma rage cin wuta, ba don ya yi sauri a kan firem ɗaya ba. Yana tara firem kafin ya tashi firosesa, yana ɗan gyangyaɗi in layi ya yi shiru, yana kuma yarda suwic ya ce masa dakata. Duk ukun ba ma so.

nmcli con mod lan-a ethtool.coalesce-rx-usecs 0 ethtool.eee-enabled off ethtool.pause-autoneg off ethtool.pause-rx off ethtool.pause-tx off ethtool.feature-gro off

Maimaita wa lan-b, sannan con up duka. Duba da ethtool -c da ethtool --show-eee da ethtool -a ko sun zauna, saboda ba kowane direban kati ke karɓar kowane saiti ba. Farashin da za ka biya shi ne firosesa zai riƙa tashi a kan kowane firem, to a netwok mai ɗauke da samfuran awo da yawa ka sa ido a top ka ga yadda yake numfashi.

Mataki na 6: agogo

Firem ya iso da wuri amma agogon na'urori bai daidaita ba, aikin banza ne, musamman a samfuran awo inda ake kwatanta abun da na'ura biyu suka auna a lokaci guda. NTP milisakan yake bayarwa, nan kuwa maikirosakan 1 ake nema, shi ya sa ake amfani da PTP, wato IEEE 1588, tashoshin wuta kuma suna da nasu salon IEC/IEEE 61850-9-3. Saka kunshin linuxptp, sannan:

ethtool -T enp3s0

Kana neman hardware-transmit da hardware-receive da lambar agogon PTP na katin. Lura na rubuta enp3s0, fot na uku. Kar ka ɗora ptp4l a kan prp0. Na farko prp0 ba kati ba ne, ba shi da agogo a jiki. Na biyu PTP aikinsa auna tsawon hanya ne, PRP kuma yau kwafin A ya riga gobe na B, hanya biyu masu tsawo daban, to lissafin zai riƙa rawa. A ƙa'ida ma kowane LAN daban ake bin agogonsa. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce fot na daban don agogo, a jona shi a LAN ɗaya.

timedatectl set-ntp false
ptp4l -i enp3s0 -2 -P -H -s -m
phc2sys -s enp3s0 -c CLOCK_REALTIME -w -m

Layin farko na kashe NTP don kar direba biyu su riƙe sitiyari ɗaya, in chrony ne ke gudana ka tabbata ya tsaya. A ptp4l, -2 na nufin kai tsaye a kan Ethernet ba IP, -P auna jinkiri tsakanin maƙwabci da maƙwabci, -H agogon kati, -s kuma kar kwamfutarka ta taɓa ɗaukar kanta shugaban agogo. Wannan -s ɗin kar ka manta shi, in babban agogon GPS ya ɓace ba ka so laftof ta zama ita ke ba tasha lokaci. ptp4l na daidaita agogon kati, phc2sys na kwafe shi zuwa agogon tsarin, -w ɗin kuma na sa ya jira ya kuma karɓi bambancin TAI, lokacin da PTP ke bi, da UTC, lokacin da agogon tsarin ke bi, sakan 37 tun Janairun 2017. In ka ga agogonka ya kauce da sakan 37 cif to ka san inda matsalar take. Lambobin da ke zubowa a allo nanosakan ne, s2 na nufin ya kama. Ka sani -P na buƙatar suwic masu gane PTP, suwic na kasuwa ba zai yi ba. In komai ya zauna ka mayar da saitin cikin ptp4l.conf ka kunna su da systemctl enable.

Mataki na 7: kanel da ba ya ɓata lokaci

Firem ya iso kati cikin maikirosakan, amma manhajarka ta jira milisakan biyar kafin a ba ta firosesa, me aka yi kenan. PREEMPT_RT, gyaran da ke sa kanel ya amsa a kan lokaci, ya shafe kusan shekara 20 a waje ana liƙa shi da hannu kafin ya shiga kanel na asali a 6.12 a Nuwamban 2024. A Debian linux-image-rt-amd64 kawai za ka saka ka yi ribut, uname -v ya nuna maka PREEMPT_RT. Sai awo da cyclictest daga kunshin rt-tests:

cyclictest -m -S -p 90 -i 200 -D 12h

Ka bar shi ya kwana, kuma ka ɗora wa kwamfutar kaya da stress-ng a lokacin, awon kwamfutar da ke hutawa ba ya gaya maka komai. Avg ba ruwanka da shi, Max za ka duba, don rilay ba ya tambayar matsakaici, ranar da aka makara ita ce ranar. In Max ya yi tsalle sama sosai, shiga BIOS ka kashe zurfafan C-states da sauran dabarun adana wuta, ka tsayar da irqbalance, ka ware koa ɗaya ko biyu da isolcpus, ka tura katsewar katin, wato IRQ ɗin da yake tashin firosesa da shi, can ta /proc/irq/LAMBA/smp_affinity_list. A kanel na RT katsewa zaren aiki ne masu fifiko 50, kana iya ɗaga na katinka da chrt -f -p 80 da lambar zaren.

Mataki na 8: abubuwan da NetworkManager bai kamata ya taɓa ba, da wanda bai iya ba

In a kwamfutar akwai fot na EtherCAT, netwok ɗin sarrafa injina, wannan ba IP yake ba, firem ɗinsa 0x88A4 ne kuma manhajar da ke jan ragama, IgH ko SOEM, ita ke son mallakar katin gaba ɗaya. DHCP ko IPv6 ya leƙo wurin ɓarna ce. Ƙirƙiri /etc/NetworkManager/conf.d/90-ethercat.conf ka rubuta:

[keyfile]
unmanaged-devices=interface-name:enp5s0

nmcli general reload, sai nmcli dev ya nuna unmanaged. PROFINET daban ne kaɗan, firem ɗinsa na gaggawa 0x8892 ne amma yana amfani da IP wurin saita na'urori, to shi ka bi abun da manhajarka ta ce.

Sai TSN, wato Ethernet mai bin jadawalin lokaci, ga wanda netwok ɗinsa ya kai can. Dabarar 802.1Qbv ita ce raba lokaci, a buɗe wa firem ɗin gaggawa ƙofa su kaɗai na wani ɗan lokaci a kowane zagaye. A Linux taprio ke yi:

tc qdisc replace dev enp4s0 parent root handle 100 taprio num_tc 2 map 0 0 0 0 1 0 0 0 0 0 0 0 0 0 0 0 queues 1@0 1@1 base-time 0 sched-entry S 02 300000 sched-entry S 01 700000 clockid CLOCK_TAI

Zagayen milisakan 1 ne, maikirosakan 300 na farko na masu fifiko 4, sauran 700 na sauran firem ɗin. Ba shi da amfani in PTP bai zauna ba kuma suwic ba su bin jadawali iri ɗaya. NetworkManager bai san rubuta taprio a firofayil ba, saboda haka ka sa umarnin a sikirif cikin /etc/NetworkManager/dispatcher.d/, yana ba sikirif ɗin sunan fot a $1 da abun da ya faru a $2, ka ce in $1 enp4s0 ne kuma $2 up ne a gudanar. Fayil ɗin ya zama na root, mai gudana, ba wanda zai iya rubutu a kai sai root, in ba haka ba NetworkManager ba zai gudanar da shi ba.

Mataki na 9: zare kebul da hannunka, sannan ka sa mai gadi

Yi ribut tukuna ka ga prp0 ya dawo da kansa. Saki ping -i 0.002 zuwa wata na'urar PRP, zare kebul A, mayar, zare B, mayar, kashe suwic A daga soket ɗinsa ɗungurungum. Nan ne asiri ke tonuwa, sai ka tarar suwic biyun a UPS ɗaya suke, ko kebul biyun a bututu ɗaya suka bi inda ɓera ɗaya zai gama da su, ko wani mai son taimako ya ja kebul tsakanin suwic A da B wai don su ga juna. Wannan na ƙarshen shi ya fi muni, MAC ɗaya zai riƙa bayyana a fot biyu suwic su rikice. A sa wa A kebul launi ɗaya B wani launi, a liƙa takarda.

Yanzu mu koma kan abun da na ce ka riƙe. LAN A zai iya mutuwa yau ba wanda ya ji ko a jikinsa, komai na tafiya a kan B wata da watanni, ranar da B ya samu matsala sannan a gane ashe tuntuni a ƙafa ɗaya ake tsaye. Kowace na'urar PRP na aika firem ɗin sa ido duk sakan 2 a duka LAN biyun, to ka duba suna isowa ta kowane ɓangare:

tcpdump -i enp1s0 -e ether proto 0x88fb
tcpdump -i enp2s0 -e ether proto 0x88fb
cat /sys/kernel/debug/hsr/prp0/node_table

Duk MAC da ka gani a na farko ya kamata ya fito a na biyu. Teburin nan na ƙarshe yana jera na'urorin da kanel ya sani, da time_in[A] da time_in[B], lokacin ƙarshe da aka ji kowacce ta kowane LAN. Buga shi sau biyu da tazarar sakan biyar, duka lambobin su motsa, wadda ɗaya ya tsaya cak to ƙafarta ɗaya ta karye. A Wireshark in ka kunna PRP a cikin saitin furotokol zai nuna maka alamar LAN a wutsiyar firem, 10 a A, 11 a B, in ka ga 11 a kan enp1s0 wani ya juya kebul.

Kar ka bar wannan a hannun tunawar mutum. Rubuta ɗan sikirif da systemd timer zai gudanar duk minti, ya karanta carrier da statistics/rx_packets na fot biyun a /sys/class/net/, ya ajiye lambar baya ya kwatanta, in carrier ya zama 0 ko rx_packets na ɓangare ɗaya bai ƙaru ba alhali ɗayan na ƙaruwa, ya aika ƙararrawa zuwa SCADA, tsarin sa ido na tashar, ko duk allon da masu aikin dare ke kallo. Sannan ka sake zare kebul A ka tsaya da agogo a hannu ka ga ko ƙararrawar ta fito cikin minti ɗaya.